Gwiwar Tela da Wandon Ango

Duk wanda ya san layin nan ya san ranar da Baba Tela ya durƙusa yana auna ƙafar wandon wani ango. Ya gama awo lafiya, ya yi alama da alli, ya ce bismillah zai tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, ta sake ƙi. Ƙarshenta angon ne ya naɗe hannun riga, ya sungume shi cak kamar buhu, ya ɗora shi kan teburin yanka, tef na reto a wuyansa. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo da reza a hannu, kafin yamma labari ya zagaye layi. Tun daga ranar aka laƙaba masa suna Baba A-ɗaga-ni.

Babbar 'yarsa dai ba ta ga abin dariya ba. Kwaɗo ta saya, ta damƙa wa ɗanta, wanda likitan gashin ƙashi da tausa ne a asibiti, ta ce duk ranar da tsohon ya sake durƙusawa ya kasa tashi, a garƙame shagon ya koma gida ya zauna. Shi kuwa Baba Tela ya san in aka raba shi da keken ɗinkin nan, an raba shi da hira, an raba shi da dalilin wanke fuska ya fita da safe. Ga shi kuma ya riga ya cika baki a gaban dangi cewa wandon auren wannan jikan nasa, shi zai auna shi kuma shi zai ɗinka.

Yana zaune yana zura zare a allura wata rana da yamma, sai ga jikan ya ɗaga labule.

"Sannu da aiki, Tsoho. Ya gwiwa? Ta tashi ko har yanzu tana durƙushe?"

"Lafiyarta lau, Mai Tausa. Me ya kawo ka? Ko asibitin sun gane ka ne sun koro ka?"

"Matata ce ta aiko ni. Ta ce in duba tsohon mijinta, in ya tashi aiki gaba ɗaya in zo in ɗauke ta."

Kakarsa yake nufi, wadda tun yana rarrafe yake kiranta matarsa.

"Je ka ɗauke ta yau ɗin nan. Ka haɗa da rediyonta da mitarta. In ka kwana biyu ba ka dawo da ita ba, a canza min suna."

"Ai an riga an canza maka. Hau tebur."

"Wane tebur? Wannan na yanka ne, yadi nake shimfiɗawa a kai."

"To yau tsohon yadi za a shimfiɗa. Ka ce ba za ka je asibiti a gan ka ba, ga asibitin ya zo."

Baba Tela ya dubi aljihun jikan, ya ga ya yi tudu daidai girman kwaɗo. Bai ƙara musu ba. Ya ture almakashi da guntayen yadi gefe, ya hau yana nishi, ya kwanta rigingine.

"Ja labulen nan sosai. Mai askin nan idonsa har ta bango yake gani."

"Miƙe ƙafar."

"Ai a miƙe take."

"Wannan? Lauje ya fi ta miƙewa."

Jikan ya kama diddigen ya ɗaga a hankali. Ƙafar ba ta yi nisa ba ta tsaya ƙam, wani abu ya ja tun daga bayan gwiwa har gindin cinya. Ya sauke ta, ya sa tsohon ya juya ruf da ciki, ya ɗora tafin hannu a bayan cinyar ya danna.

"Wayyo! Kai, makahon likita! Gwiwa tana gaba! A makarantar ba a nuna muku inda gwiwa take ba?"

"Kwanta dai."

"Ni gwiwa ke min ciwo, kai kana kirɓa cinya. Ashe duk shekarun nan da uwarka take cewa kana karatu, yawo kake zuwa."

"Tsoho, in ka yi ɗinki ka ga yadi ya tattare, allura kake zagi?"

"Wane jahili ne zai zagi allura? Zaren ƙasa ne ya yi tsauri, sai a sassauta shi."

"To ga zaren ƙasanka nan a hannuna. Naman bayan cinyar nan ya sauko ne ya kama ƙasan gwiwa ta baya. Tun kafin a haifi uwata kake zaune a kan keke, ƙafa a lanƙwashe, har ya saba ya ɗaure. Gwiwar ga ta da ciwon kanta, ga shi kuma yana ja mata baya. Ina za ta miƙe?"

Maganar ta shige shi, amma ya gwammace a danna masa cinya har gobe da ya nuna.

"Ji ɗan banza. Ɗinkin ma a bakina ka ji shi, yau kai ne za ka koya min."

"Kuma wa ya ce ka dinga kwana da matashi a ƙarƙashin gwiwa?"

Baba Tela ya ɗago kai. "Wa ya gaya maka?"

"Matata ba ta ɓoye min komai."

"Munafuka! Ai daɗi nake ji in na sa."

"Daɗin ne yake cutar ka. Yini a lanƙwashe, kwana a lanƙwashe. Kai kana shafa wa ƙoƙon gwiwa man zafi har gidan ya koma warin kantin magani, mai laifin yana baya yana barci."

Hannun jikan ya ci gaba da bi, yana murzawa daga sama zuwa ƙasa, in ya tarar da wuri mai tauri ya tsaya a kai ya danna har ya ji ya saki. Tun tsohon yana zagi, har zagin ya koma gurnani, gurnanin ya koma shiru.

"Tsoho, barci kake?"

"Ina tunanin yadda zan rama ne."

"Ga dama ta samu. Juyo." Ya ɗora diddigen tsohon a kafaɗarsa. "Danna ni da ƙarfi, kamar za ka tura ni waje."

"Wannan kam na daɗe ina nema."

"Haba, iyakar ƙarfin ke nan? Kaza ma ta fi haka. Riƙe... riƙe... to saki. Ja numfashi."

Yana saki, jikan ya ɗan tura ƙafar sama, sai ta wuce inda ta tsaya ɗazu. Suka sake, ta ƙara wucewa. Baba Tela ya tsura wa yatsun ƙafarsa ido, rabon da ya gan su a sama haka har ya manta. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da muryar wasa ba.

"Kai, gaya min tsakani da Allah. Za ta warke?"

"Kaka," in ji jikan, kuma ba ya kiransa haka sai magana ta zama magana, "guringuntsin da ya cinye a cikin gwiwar ba zai dawo ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in bayan nan ya saki, ƙafar ta yi ƙarfi, ciwon zai ragu, za ka yi tafiyarka, in Allah ya yarda ka durƙusa ka tashi. Hannuna kaɗai ba zai yi ba. Sai ka yi naka."

Ya duba cikin kwandon guntaye ya zaro wani dogon ƙyalle, ya nuna masa yadda zai rataya shi a tafin ƙafa yana kwance, ya jawo a hankali har ya ji ja, ba har ya ji zafi ba. Safe da yamma. Ya kuma ce kada ya yini a kan keke, ya dinga tashi yana taka ƙafa.

"Kuma matashin nan na ƙwace."

"Ka ƙwace mata, ka ƙwace matashi. Saura me?"

"Saura shagon."

"Sai dai bayan raina!"

Haka aka yi ta yi. Jikan ya taso daga aiki ya ja labule, mai aski ya kasa kunne ya ji ana "danna" ana "saki" ana "Allah ya isa". A gida kuwa tsohuwa ta ba da rahoton cewa mijinta ya koma kwanciya da asuba yana jan ƙafarsa da ƙyalle kamar mai jan guga. Wata rana a samu ci gaba, wata rana gwiwa ta kumbura a ɗaga mata ƙafa. Ranar da Baba Tela ya lura ya sauko daga dakalin shago bai dafa bango ba, bai gaya wa kowa ba. Ya koma ya hau ya sake saukowa, don ya tabbatar.

Da biki ya matso, sai ga jikan da yadi a leda.

"Tsoho, ga shi. Amma ina da shawara. In hau kujera in tsaya, ka auna ƙafar wandon kana zaune. Ba wanda zai sani."

Ba zolaya a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ɓata wa Baba Tela rai.

"Ni za ka ji wa tausayi? Ango a kan kujera kamar mai ɗaura ƙwan lantarki? Tsaya a ƙasa yadda kowa yake tsayawa. Kuma ɗage labulen nan. Kai, mai aski! Zo ka gani, kada a ba ka labari!"

Mai aski ya zo bakin ƙofa, da wani da aka aske wa rabin kai.

Baba Tela ya auna ƙugu. "Ji ƙugu kamar na zangarniya. Amaryar nan ta gan ka da rana kuwa?" Ya auna cinya. Sannan ya ja numfashi, ya dafa gefen keke, ya sauke gwiwa ɗaya ƙasa a hankali. Ta yi ƙara ƙas, amma ta sauka. Ya ja tef har idon sawu, ya yi alama, ya gyara, ya sake dubawa. Awo ya ƙare.

Tsohon yana ganin tudun kwaɗon nan daidai saitin idonsa. Ya yunƙura, gwiwa ta yi masa gardama irin ta waccan ranar. Jikan ya miƙo hannu biyu da sauri.

"Kau da hannunka!"

Ya kafa tafin ƙafar gaba sosai yadda aka koya masa, ya dafa keke, ya danna ƙasa kamar yadda ya saba danna kafaɗar ɗan banzan nan. Ya taso kaɗan-kaɗan, tef na reto, har ya miƙe tsaye. Ya kakkaɓe ƙurar gwiwarsa kamar wanda kullum haka yake yi.

Mai aski ya buga tafi da reza a hannu, mai rabin aski ya ce Allahu akbar. Jikan ya juya baya yana gyaran murya, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da kwaɗon da makullinsa, ya ajiye a kan teburin yanka.

"Na sallama, Tsoho. Ka riƙe shagonka. Matar ma na bar maka, na samu sabuwa."

"Da ma wa zai ba ka?" Baba Tela ya ɗauki kwaɗon ya jinjina shi. "Yana da nauyi. Zai yi min danne yadi in ina yanka. Ka ce wa uwarka na gode."

"Amma ƙyallen nan ba a daina ba. Safe da yamma. Jibi ina nan tafe."

"Na sani, azzalumi."

Jikan ya kai bakin ƙofa ya juyo, dariyar da ya danne ta ƙwace masa.

"To Baba A-ɗaga-ni, yau ba a nemi ango ya ɗauke ka ba?"

Baba Tela ya zauna a kan keke, ya shimfiɗa yadin, ya dube shi ta saman tabarau.

"Wancan angon ai gwada shi na yi, in ga ko zai iya ɗaukar nauyin gida, kuma ya iya. Kai kuwa da na dubi 'yan hannuwan nan naka, sai na ga in na tsaya jiranka a nan zan kwana. Shi ya sa na tashi da kaina."