Tarar Riƙe Hannun Inno

Jama'a, ku taya ni murna, hukuma ta san da zamana. Shekara da shekaru ina tuƙi a garin nan na Parakou ba wanda ya taɓa tambayar sunana, sai ranar Litinin ɗin nan aka rubuta shi cikakke, Labbo ɗan wane, har da hatimi a ƙasa. Laifina kuwa bai wuce na fita daga motata ba.

Ga yadda aka yi. Mahaifiyata, Inno, ta zo daga Djougou saboda ciwon gwiwa da ya matsa mata, har ta kai salla ma a zaune take yi. Na ɗauko ta daga gidana a unguwar Titirou zuwa wurin likitan ƙashi, cikin tsohuwar motar nan tawa wadda in ta tashi da safe sai mun yi mata godiya. Ƙofar likitan tana bakin titi, amma tsakaninta da kwalta akwai kwata mai zurfi, an gitta mata katako ɗaya tal. An sha yi mana alkawarin rufe kwatar. An ma taɓa kawo siminti, manya suka tsaya aka ɗauki hoto da shi, aka mayar da shi mota.

Ina taka birki ke nan sai ga Mai Girma Sarkin Gefen Titi, ma'aikacin hukuma mai cin tarar motoci, ya ɓullo daga inuwa, da rigar aiki da biro a hannu. Yaro ne mai ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sai da ya gaida Inno kafin ya dube ni da gaisuwar Faransanci.

"Bonjour, patron. Nan ba a ajiye mota."

"Ranka ya daɗe, ba ajiye ta zan yi ba. Tsohuwa zan sauke."

"To, wannan arrêt ne, wato tsayawa, ba matsala. Muddin kana ciki, tsayawa ka yi. Da ka fita kuwa ya zama stationnement, wato ajiye mota, sai tara."

"In na fito da ƙafa ɗaya fa?"

Ya tsaya yana nazari, alamar ba a koya musu wannan ba. "Ya danganta da inda mazaunanka suke," in ji shi.

Kun ji ilimi. Ashe dokar gari duka a kan mazaunai aka kafa ta, mu muna can muna wahalar koyon tuƙi.

Na tambaye shi ina aka yarda a ajiye mota. Ya nuna mini can bayan kasuwa, inda ko mai lafiya sai ya huta a hanya kafin ya dawo. Na ce Inno ba za ta iya takowa daga can ba. Ya ce to in sauke ta nan, in tafi in ajiye motar. Na ce ba za ta iya tsallake katakon nan ba sai an riƙe ta. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na ce to shi ya riƙe ta mana, ni in zauna in tsare doka. Ya ce yana bakin aiki.

A gabanmu kuwa, daidai ƙarƙashin allon da ya hana ajiye mota, wata doguwar baƙar mota ce mai baƙin gilashi take kwance, inji yana ta gurnani. Mai sayar da ayaba a wurin ta ce tun hantsi take nan. Na nuna ta da leɓe.

"Waccan fa, ranka ya daɗe?"

"Waccan tsayawa ta yi. Direba na ciki."

Na leƙa. Lallai yana ciki, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula, sanyin na'ura yana kaɗa shi, minshari har waje. Mai motar, Alhaji Babban Na Sama, yana wani wuri yana yi wa talakawa hidima, man da muka saya masa kuma yana ƙonewa don kada direbansa ya yi gumi. Ni da nake sayen mai kwalba-kwalba a bakin hanya, ina kashe inji ko a gangara, sai na ji hawaye na neman zubo mini don sha'awa. Allah ya ƙara wa wanda ya tsara dokar nan basira. Ya duba ya ga mai direba ba ya taɓa ajiye mota har abada, tsayawa kawai yake yi, ko da zai kwana.

Ina cikin wannan tunani Inno ta gaji da jayayyarmu. Ta buɗe ƙofa da kanta.

"Zauna abinka, Labbo, kada su ci ka tara. Zan lallaɓa."

Ta sauke ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar da hannu, ta dafa sanda ta miƙe. Tana ɗora takalmi a kan katakon ya yi wani irin lanƙwasa, sandar ta zame. Matar da ta goya ni daga Partago zuwa Djougou a ƙasa lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ni, ita ce zan zauna ina kallo ta faɗa kwata don in kare mazaunaina? Ban san sa'ad da na fita ba. Na kama hannunta, na tallafe ta, muka tsallaka a hankali tana kiran sunan Allah.

Da na waiwayo, Mai Girma ya riga ya soma rubutu. Ya ma rufe mini ƙofar motar da na bari a buɗe, kada mai babur ya buge ta. Na ce muku yaro ne mai ladabi.

Da yamma na kai ƙara wurin maƙwabcina Massaoudou, mutumin Nijar, direban babbar mota ne da ya san kowane shinge daga nan har iyaka. Ya saurare ni yana kurɓar shayi.

"Kai ma dai, Labbo, da ganganci. Ai ba a fita babu mai zama."

"Wane ne kuma mai zama?"

"Tsoho kake samu cikin masu zaman inuwa, ka ɗora shi a kujerar direba. Ba sai ya iya tuƙi ba, ya iya zama kawai. Shi ya samu na goro, kai ka samu doka."

"In aka ce ya gusar da motar fa?"

"Sai ya ce yana jiran patron, mai motar. Wa ka taɓa gani an matsa wa mai jiran patron?"

Na ce to ga sana'a ta samu. Waɗanda suka yi mana alkawarin ayyukan yi sun cika alkawari ba tare da sun sani ba.

Muna cikin haka Inno ta kira ni ciki. Ta sa matata Saadatou ta karanta mata takardar tarar, ta fassara mata kalma bayan kalma.

"Wato nan an rubuta ya bar mota ya fita?"

"Haka aka rubuta, Inno."

"Da hatimin hukuma?"

"Ga shi nan a ƙasa."

"To kira mini Maazou."

Maazou wana ne, yana Djougou, motarsa sabuwa fil, kuma duk danginmu sun san shi da bin doka. Saadatou ta sa wayar kowa na ji.

"Maazou, kai an taɓa ba ka takardar barin mota?"

"Ni? Wallahi Inno ko sau ɗaya. Ai ni ba na fita daga mota."

"Na sani," in ji Inno. "Daga ƙofar gida kake danna mini oda."



Yanzu matsalata ɗaya. Sai da takardar ake biyan tarar, Inno kuwa ta naɗe ta cikin ɗankwali ta cusa ƙarƙashin matashi, ta ce ba za ta bayar ba sai matan unguwarsu sun gani. Na ce in aka makara tarar ƙaruwa take yi. Ta ce ta ƙaru, tun da na gama makaranta ban taɓa kawo mata takardar da ta faranta mata rai kamar wannan ba.

Likita ya ce mu komo mako mai zuwa. Katakon yana nan, kwatar tana nan, na tabbata baƙar motar ma tana nan tana tsayawa. Don haka ina roƙon Mai Girma Sarkin Gefen Titi ya duba bironsa tun da wuri, kada tawada ta ƙare masa a bakin aiki, domin ranar ma fita zan yi.