Bututun da Ke Ƙarƙashin Kujera

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata min safiya," in ji Tsoho, yana fitowa daga mota da ƙyar.

Karo na uku ke nan cikin wata biyu da ya kawo wa jikansa makanike motar nan, kuma ciwon ɗaya ne: notin da ke riƙe inji a mazauninsa ya karye. Ba motar yawo ba ce. Ita ke kai Kaka, matar Tsoho, wankin ƙoda sau biyu a mako, gobe ma da ƙarfe takwas ake jiranta. Ni da nake facin taya a gefen garejin na san idan mutanen nan suka haɗu sai dai a kasa kunne.

"Au, ba ka mutu ba?" in ji jikan. "Ni har na ɗinka rigar zuwa neman matarka."

"Da wannan hannun mai baƙin mai? Ko ruwa ba za ta karɓa ba. Buɗe ka ga aikin banzan da ka yi."

"Koma ciki. Taka birki, sa giya, ka ɗan ba ta wuta."

Tsoho ya yi yadda aka ce. Inji ya ɗaga gefe guda, ya dawo gum!

"Ka ji ko? Jabu ka sa min, ɓarawo."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa."

Jikan ya zaro guntun notin ya juya shi a rana.

"Robar mazaunin injin sabuwa ce, lafiyarta ƙalau. Noti idan sako-sako ne ya kashe shi, a hankali yake tsagewa, sai ka ga rabin bakin da tsatsa, rabi yana ƙyalli. Wannan kuwa dubi wuyansa, ya miƙe ya sirance kamar naka. Ɗaure shi aka yi ta yi har ya tsinke. Wa ke taɓa min aiki?"

"Aljanu."

"Masu furfura ko?"

Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, sai ga bututun ƙarfe, tsawon hannu, bakinsa ya goge fes.

"Sandata ce," in ji Tsoho.

"Sandar da bakinta ya ci daidai da sifana?"

"Kai, yaro man kaza! Ina gyaran mota tun kafin a haifi ubanka..."

 Na ajiye guduma, don raina ya sosu. Duk layin nan mun sani: shekara goma sha ɗaya ke nan da taya ta kwance wa uban yaron nan a kan hanya ta yi ajalinsa, ɗan Tsoho ɗaya tilo. Kuma Tsoho ne ya ɗaura tayar da hannunsa a safiyar.

"Kullum da sassafe nake bin su," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kowane noti. In zura bututu a sifana in ƙara masa kaɗan. Ranar nan ce ban ƙara ba."

Jikan ya daɗe yana goge hannun da ba ya goguwa.

"Tsoho, ƙarfe ma yana da iyaka. Da gobe ne ya tsinke kuna tsakiyar titi, matata tana kwance a baya fa? Na rasa uba don ba a ɗaure ba. Kada in rasa mata don an ɗaure."

Ya sa sabon noti, ya ɗauko sifana mai awo, ya ja a hankali har ta yi ƙas.

"Ka ji? Ita ta ce ya isa, ba ni ba. Duk Asabar ka kawo motar, in bi maka su ɗaya bayan ɗaya kana tsaye."

"Ni zan riƙa zuwa gaishe ka? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Da tsugunawa ma."

Tsoho ya yi 'yar dariya, idonsa jawur. Ya ɗauki bututun ya jinjina shi, sannan ya miƙa.

"Ungo. Gadonka ke nan, kada ka sa ran wani. Matar kuwa sai ka jira."

"Zan jira," in ji jikan, ya riƙe bututun da hannu biyu. "Kai dai ka daɗe kana hana ni."