Yadda Za Ka Ceci Kunkuru da Littafin Yara

Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai hau bangon littafi, yara su yi hawaye, kunkurun dajin Tarudan kuma ya samu gata. Ni, Si Abdulhak, a kaina na gwada.

1. Zaɓi dabbar da ba ta gudu
Da barewa na fara. Kwana uku ina yawo a dawa, kashinta kawai na gani. Kunkuru kuwa yana ƙarewa saboda masu kwashe shi su kai kasuwa, ga shi ba ya tsere wa marubuci mai tumbi.

2. Yi bincike a inuwa
Mahaifiyata Lalla Zuhur tana da kunkuru a tsakar gida, sunanta Mas'uda. Haɗa shayin na'ana'a, ka zauna ka zana ta. A littafi ka ce a bayan dutse kuka haɗu.

3. Tsawatar
Rubuta da jan alƙalami: "Mai tsare kunkuru a gida ɓarawon daji ne." Masana sun ce yaro ba ya manta jan rubutu. Kash, gaskiyarsu.

4. Karanta wa 'yan makaranta
Amma ban da ajin 'yarka. Ina cikin rawar murya a shafin ƙarshe, 'yata Gita ta ɗaga hannu.
"Baba, wannan ai Mas'udar Kaka ce. Ga ma tsagar bayanta."
Wata 'yar ajin ta ce, "Malama, a kira 'yan sanda?"
Gita ta fashe da kuka. Kwana biyu ba ta ce mini ko sannu ba.

5. Tunkari mahaifiyarka
Gyara murya tun daga zaure.
"Inna, gobe zan mayar da Mas'uda daji."
Ko ɗagowa ba ta yi daga yankan latas ba. "Ɗan nan, ta riga ka zuwa gidan nan da shekara shida. In akwai mai komawa daji, ba ita ba ce."

6. Nemi mai goya maka baya
Na ɗauko likitar dabbobi. Ta duba Mas'uda ta ce wadda ta daɗe haka a gida, in an sake ta, cuta za ta kai wa na daji. Inna ta cika wa likitar kwano da tajin, dafaffen nama da kayan lambu, ni aka miƙo mini gutsuren burodi.

7. Bari a gyara ka
Gita ta soke jimlata ta jan alƙalami da fensir, ta rubuta: "Kar ka sayo sabo. Na dajin a bar shi wajen uwarsa." Ajinsu suka haddace, har uban wata ya fasa sayen kunkuru biyu ranar kasuwa. Shafin nan kaɗai ake yaba mini. Ina amsa yabon ba kunya.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu hannuna. Mai ƙorafi ya je wajen Lalla Zuhur bayan la'asar. Ya ci abinci kafin ya tafi, don zai daɗe.