Ranar da Na Kashe Ciyaman

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na kashe surukina a gaban jama'a, shi kuwa yana zaune a kujerar gaba yana ɓare goro. Kada gabanku ya faɗi, Alhaji yana nan da ransa, jiya ma na hango shi a kasuwar hatsi yana yi wa wani direba faɗa. Ni ne dai har yau ban gama farfaɗowa ba.

Alhaji, mahaifin matata Zainabu, shi ne ciyaman na wata ƙungiyar manoman masara da waken suya mai hedkwata a Funtua, da rassa a Malumfashi da Kafur. Sunan kowane ɗan ƙungiya, da girman gonarsa, da buhunan takin da za a ba shi, duk a kwamfuta ɗaya suke, har wata damina rufin ofis ya yi yoyo daidai kanta. Aka koma tambayar mutane baki da baki, kuma cikin ikon Allah gonar kowa ta ninka girma. Da aka zauna neman mafita, Alhaji ya miƙe ya ce ba sai an je Kaduna neman masani ba, yana da injiniya a gida. Ni ke nan. (Na yi karatun kwamfuta kam, amma a lokacin babbar sana'ata ita ce ciro wa mutane hotuna daga wayar da ta fashe.)

Ku fahimce ni. Shekara huɗu da aurena, Alhaji bai taɓa kirana da komai ba sai "mijin Zainabu". A wurinsa, namijin da ba ya riƙe fartanya kuma ba ya auna hatsi, zaman banza yake yi da takalmi sau-ciki. Ranar da na ji ya ce "injiniya" a bainar jama'a, wallahi har tafiyata sai da ta canza. Na rantse a raina sai na tabbatar masa bai yi asarar 'ya ba.

Na tara shugabanni na yi musu bayani. Na ce maimakon rumbu ɗaya, za mu yi uku. Manyan kwamfutoci uku, waɗanda ake ce wa saba: ɗaya a Funtua, ɗaya a Malumfashi, ɗaya a Kafur. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, sauran biyun za su kwafe nan take. Ɗaya ce ke shugabanci, biyu suna bi. In shugabar ta mutu, biyun da suka rage su yi zaɓe a tsakaninsu, su naɗa wata, aiki ya ci gaba.

"Zaɓe kuma?" in ji Alhaji. "Har na'ura ma ta iya wannan fitinar?"

Kowa ya yi dariya, ban da Malam Sule, sakataren ƙungiya, mutumin Malumfashi. Sau biyu yana neman kujerar Alhaji yana faɗuwa, kuma duk Funtua an san suna gaisawa ne kawai don albarkacin Musulunci. Na ukunsu shi ne ma'aji, Baba Yohanna na Kafur, dattijon da tun da aka kafa ƙungiya ba wanda ya taɓa jin ya goyi bayan kowa. Ko lemo aka ba shi zaɓi, cewa yake duk wanda aka ba shi.

Mako uku na yi ina zirga-zirga tsakanin garuruwan nan da jaka a baya. Sa manhajar a kowace saba ba wuya, wuyar ita ce a sa su yarda da juna. Sai ka rubuta wa kowacce adireshin 'yan uwanta biyu, ka ba su mabuɗi iri ɗaya, ka buɗe musu ƙofar da za su riƙa magana ta ciki. Ta Kafur ta yi kwana biyu tana ƙin gaisawa da kowa, ashe agogonta ne ya yi baya da minti bakwai. Ta Malumfashi kuwa, duk sa'ad da mai shayin ƙofar ofis ya jona butarsa, sai ta ɗauke. Amma a hankali suka shirya, na rubuta suna a Funtua ya fito a Kafur kafin in ɗaga kai. Na tsaya ni kaɗai a ofis na tafa wa kaina.

To, a nan iyayi ya shigo. Kowace saba tana bukatar suna. Mai hankali zai ce ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ni kuwa don in faranta wa manya, na sa wa ta Funtua "Ciyaman", ta Malumfashi "Sakatare", ta Kafur "Ma'aji". Ban tsaya nan ba. Na ce ai kishin harshe ya kamata, na zauna na mayar da duk saƙonnin gargaɗin manhajar zuwa Hausa, na kuma sa in wani abu ya faru ta turo min tes a waya. Da na zo kan kalmar da ke nufin saba ta daina aiki, ban ko yi tunani ba. Ai cewa muke waya ta mutu, inji ya mutu. Na rubuta "ya mutu", na wuce.

Saura kuskure ɗaya, shi ne uban duka. Jerin lambobin da ake tura wa tes, na sa masa suna "kowa", kuma a lokacin gwaji lambata ce kaɗai a ciki. Da safen ranar buɗewa na loda lambobin 'yan ƙungiya gaba ɗaya a cikin wannan jeri, don a riƙa sanar da su isowar taki. Na manta sam cewa nan gargaɗina ma ke zuwa. Kuma lokacin an fara shuka, kowane manomi wayarsa na aljihun gaba, jira kawai yake ya ji ta yi ƙara.

An cika rumfa a harabar ofis. Na ɗinka sabuwar shadda, na sa tabarau wanda ba na bukata. Na haska majigi a bango, ga da'ira uku korra shar, ta Ciyaman da ɗan tauraro a kanta. Na yi jawabi mai tsawo, har da cewa daga yau ko tsawa ta faɗo wa ofishin nan, sunan manomi ba zai ɓata ba. Alhaji yana gyaɗa kai yana waiwayen mutane, irin kallon nan na "kun gani ko?".

Na ce, "Yanzu zan nuna muku abin mamaki."

Na shiga ciki da rawar jiki, na kama wayar wutar sabar Funtua, na fizge. Na dawo na tsaya ina murmushi, hannu a ƙugu. Da'ira ɗaya ta yi ja, tauraro ya yi tsalle ya koma ta biyu. Ina shirin cewa a tafa, sai na ji rumfar gaba ɗaya ta ɗauki ƙara. Wayoyi ne, kowacce da irin kukanta.

Alhaji ya laluba aljihu, ya ciro tasa, ya nisanta ta daga ido, ya ga ba zai iya ba, ya baro tabarau a gida. Ya miƙa wa wanda ke kusa da shi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Malam Sule ne a kusa da shi.

Malam Sule ya gyara murya, da yake karanta takarda a taro aikinsa ne, ya karanta da ƙarfi: "Sanarwa. Ciyaman ya mutu da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. An yi zaɓe. Ma'aji ya goyi bayan Sakatare. Sakatare ne sabon shugaba."

Goron da ke hannun Alhaji ya tsaya a hanya. Baba Yohanna ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce, "Alhaji, Allah shi ne shaidata, ban zaɓi kowa ba!"

Waɗanda ke rumfa dai suna ganin mamaci da idonsu. Matsalar ita ce ta waɗanda ke gona, da na Musawa da Matazu da ba su samu zuwa ba. Wayata ta fara ruri. Zainabu ce, kuka take har ba na gane abin da take faɗi, wai maƙwabcinmu ya shigo da salati. Ina ce mata, "Ga Baba nan a gabana, lafiyarsa ƙalau," tana cewa, "Kada ka ɓoye min!" Wayar Malam Sule ma ta ƙi yin shiru, kuma da yake lasifikarta a buɗe take, muka ji wani daga Malumfashi yana cewa, "Allah ya jiƙansa, amma fa Allah ya sanya alheri, ranka ya daɗe, dama mun daɗe muna..." Malam Sule ya danne ta da babban yatsa kamar mai kashe kunama.

Ni kuwa gumi ya gama jiƙa sabuwar shadda. Na durƙusa gaban Alhaji na ce, "Baba, na'urar ce, ba ku ba. Yanzun nan zan gyara."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, injiniya, tashi ka dawo da ni."

Na ruga ciki na mayar da wayar wuta. Zuciyata ta ɗan kwanta, don na san da sabar ta tashi wani tes zai fita, kowa ya ji Ciyaman ya dawo. Abin da na manta, kuma ni da bakina na yi musu bayaninsa, shi ne sabar da ta mutu in ta farfaɗo ba a mayar mata da kujera. Layi take shiga.

Wayoyi suka sake ɗaukar ƙara. Wannan karon Malam Sule ya ƙi karantawa, ya ce idonsa na ruwa. Wani dattijo mai kunnen ƙashi daga baya ne ya taimaka mana: "Sanarwa. Ciyaman ya dawo. Yanzu yana bin Sakatare."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Daga nan rumfa ta ɓarke. Na yi gyaran gangar Auzinawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga, ya nufi mota ba tare da ya kalli kowa ba. A gida ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, ba a jima ba mutanen Kafur suka iso a kan babura, wani ma ya taho da buhun gero na sadaka. Haka ya zauna yana karɓar gaisuwar mutuwarsa da kansa har la'asar, kowa ya zo sai ya taɓa hannunsa ya tabbatar. Hajiya surukata kuwa ta aiko min da saƙo ta bakin Zainabu, wanda ladabi ba zai bar ni in maimaita ba.

Kwana uku ban iya zuwa gidan ba. A na huɗu na sami Baba Yohanna ya raka ni, na zube a zaure tun daga bakin ƙofa, na ba da haƙuri har muryata ta dushe. Alhaji ya bari na gama tsaf.

Ya ce, "Mutuwa ta Allah ce, kowa zai yi. Ka ma taimake ni, na ga masu zuwa da masu murna. Wannan na yafe."

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ya ce, "Ban gama ba. Shekara goma sha biyu Sule yana nema in bi shi, bai samu ba. Kai ka ba shi a minti biyar, kuma ka aika wa duniya a rubuce." Ya juya ga Baba Yohanna, ya nuna ni da haɓa. "Ka ce wa yaron nan ya tashi, ƙafarsa za ta yi sanyi."

Sabobin nan uku suna nan suna aiki, ko sau ɗaya sunan manomi bai ƙara ɓata ba, kuma ba wanda ya taɓa yaba min a kan haka. Abin da na koya dai shi ne, a ƙasarmu kana iya kashe babban mutum ya yafe maka kafin sati ya zagayo. Amma kada ka kuskura ka tashe shi ka ce ya koma bayan sakatarensa.