Kaka da Kashi na Arba'in da Ɗaya

"Lafiya lau na tashi, sai da na buɗe ƙofa na gan ka. Shigo mana, Zanƙalele, Kunnen Faranti, mijin da ba ya cefane. Ka wani tsaya min kamar turken lantarki."

"Ni ma lafiya ƙalau, tunda kin tambaya."

"Ban tambaya ba."

Kaka ita kaɗai take zaune a ɗaki biyu a hawa na biyu tun rasuwar mijinta. Ta yi shekara talatin da 'yan kai tana ɗinki kafin bayanta ya ce ya isa. Wannan da take kira Zanƙalele jikanta ne, ɗan babbar 'yarta, mai gyaran wutar lantarki, ya kusa shekara talatin. Shi ya haɗa mata talabijin da intanet wata takwas da suka wuce, kuma don tsokana ya kunna mata wani shiri mai dogon zango na mutanen da suka bar duniya a cikin kumbo suna neman wata duniyar. Ya ɗauka minti biyar za ta yi ta kore shi da tsaki. Sai ga shi ta kama, zango biyar, kashi sittin, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Wannan Asabar ɗin da ƙarfe sha ɗaya ake jiran ta a asibiti, za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Sau biyu ana sa rana tana ƙin zuwa. Uwarsa ta yi lallashi ta gaji, kawunsa ya yi faɗa ya gaji, shi ne aka turo shi.

"Ga rimot ɗinki," ya ce. "Na uku ke nan."

"Na baya ma gawa ka kawo min."

"Sabo fil na kawo. Ke kika murje maɓallin komawa baya har ya shige ciki. Mai shagon har tambaya ta yake ko gidan kallo na buɗe."

"Ka ce masa matarka ce mai ilimin taurari, kai kuwa ƙwan fitila ma sai ka ɗaura sau biyu."

"Matata? Ai tun bara na sake ki, takardar ce ba ki iya karantawa ba."

"Wa zai iya? Rubutu kamar kaza ta taka tawada."

Labulen ɗakin a sauke yake, ga shi rana ta ɗaga. A talabijin hoto ya tsaya cak: wani dogon lungu mai shuɗin haske, ƙofa a buɗe, ba kowa a ciki. Ya kai hannu zai yaye labulen.

"Bar shi!"

Tsawar ta fi ƙarfin wasa. Ya janye hannu ya dube ta.

"Haske na ɓata hoton," ta ce ƙasa-ƙasa. "Zauna. Kashi na arba'in da ɗaya ne. Yanzu Masu Shiru za su fito ta bango."

"Ni kashi uku na kalla barci ya kwashe ni. Su wane ne kuma Masu Shiru?"

"Ba su da fuska. Ba sa gudu, ba sa ihu, ba sa zubar da jinin kowa. Su ɗauki mutum su kwantar da shi, su tura shi cikin wani farin bututu. Ya fito lafiyarsa ƙalau yana murmushi. Ɗansa ya rugo ya rungume shi, shi kuma ya shafa kansa ya ce, yaro, ina babanka?"

Ya maze ya yi dariya.

"To ke me za su tsinta a kanki? Zare da tsegumin maƙwabta."

"Kai in suka tura ka, leƙawa za su yi su ga ɗaki a share, su ba ka haƙuri su mayar da kai gida."

"Da a kumbon nan kike, duniyar farko da aka tsaya za su sauke ki su gudu."

"Da ni ce kyaftin da tun zango na biyu an isa. Maza ɗari uku, an rasa wanda zai tsaya ya tambayi hanya."

"Sau nawa kika kalle shi yanzu?"

"Biyu."

"Talabijin ya ce biyar."

"Kai ka haɗa shi, halinka ya ɗauko."

"To kyaftin, sa takalmi. Goma saura kwata."

"Ba inda za ni. Kashi sha tara suka rage min."

"Wannan ai sai gobe."

"Ashe ka iya lissafi. Ka zauna ko ka kama gabanka."

Ya ga in ya matsa yanzu zai sha kaye kamar kawunsa, sai ya ce bari ya dafa musu shayi. Tun daga ƙofar kicin ya ji wani tsohon ƙauri da sabulu bai gama kashewa ba. Butar shayi ba ta kan murhu, ba ta kan kanta. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya same ta, cikin bokiti, an naɗe ta da tsohon zane. Gindinta ya huje, mariƙin ya narke ya daskare a gefe. Ya ɗaga kai. An goge bango, amma baƙin ya hau har kusa da silin, kuma tukunyar gas tana nan tsaye, tazarar da ke tsakani ba ta kai kamu biyu ba. A sana'arsa ya sha shiga gidajen da gobara ta ci don sake jan waya. Ya san yadda ɗaki yake komawa. Ya miƙe.

Ya dawo da butar a hannu.

"Kaka, wannan fa?"

"Masu Shiru ne. Suka shigo ta bango suka sha shayi, ba su kashe wuta ba. Ba su da tarbiyya, kamar wani da na sani."

"Yaushe?"

"Ka ga na yi kama da mai gadinsu?"

"Yaushe, Kaka?"

Ta mayar da ido kan lungun nan mai shuɗin haske.

"Laraba. Maƙwabciya ce ta ji ƙauri ta yi ta dukan ƙofa. Ni ina nan zaune, hayaƙi ya cika ɗaki, ina cewa kai, yau har warin kumbon ake ji."

Ta yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Sannan ta cusa hannu ƙarƙashin matashin kujera ta zaro tsohon littafinta na awo, wanda take rubuta kafaɗa da ƙugun masu kawo ɗinki. Ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Shafukan baya duk lambobi ne da ranaku, kowane kashi da ranar da ta kalle shi, da sunayen da ta raɗa wa mutanen ciki: Mai Jan Gemu, Likita Mai Rowa, 'Yar Matuƙiya.

"Kana tsammanin daɗinsa ne ya sa nake maimaitawa? Farko daɗi ne, ba zan yi ƙarya ba. Daga baya jarrabawa nake yi wa kaina. Kafin in kunna sai in faɗi abin da zai faru, in ya faru in ce to, yau ma ina nan. Jiya na kunna wannan. 'Yar Matuƙiya ta shiga lungun nan, suka ɗauke ta. Na yi ta kuka, ina cewa wane mugu ne ya rubuta haka, yarinyar da ba ta yi wa kowa komai ba. Na ɗauko littafi zan rubuta, sai na ga na riga na rubuta. Sau huɗu. Da hannuna. Har da inda na sa, a nan na yi kuka."

Ya duba shafin, ya ga rubutun nata sau huɗu.

"Shi ya sa na tsayar da shi a nan tun safe. Na san akwai abin da ke bayan ƙofar can. Ina so in tuna da kaina yadda suka ɗauke ta, ta dama suka fito ko ta hagu. Ya ƙi zuwa."

"Kowa na mantuwa. Ni shekaranjiya na bar filaya a cikin silin ɗin mutane na rufe."

"Kai haka aka haife ka. Ni kuwa awon mace ɗari na riƙe a kai ba takarda." Ta ja numfashi. "Ɗazu da na buɗe ƙofa, na san fuskar nan tawa ce. Sunan ne ya ƙi fitowa. Shi ya sa na yi ta jero maka zagi, ina jira ya iso."

Ya rufe littafin.

"Ya iso?"

"Ya iso, lokacin da ka miƙo rimot."

"Faɗi in ji."

Ta faɗa, cikakke, ta haɗa da na ubansa, ta ƙara da ranar da aka haife shi da yadda ya fito duk kunnuwa, har ma'aikaciyar asibiti ta tambaya ko sauran jikin na tafe.

"Wannan ƙarya ce."

"Ina wurin. Kai ba ka da wayo lokacin, yanzu ma ba a samu ba."

Ya ajiye butar ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Ya sassauta murya.

"Kaka, ki yi haƙuri ki daure. Hoto ne kawai. Ba abin da zai same ki, kin ji? Muna tare da ke."

"Kai! Tashi daga nan!" Ta buge kafaɗarsa da rimot ɗin. "Kada ka yi min wannan muryar. Ita uwarka ta koma yi min, ita kawunka yake yi in ya gama faɗa. Magana a hankali, a buɗe baki sosai, kamar ana lallashin akuya ta hau mota. Ba bututun asibitin nake tsoro ba, sakarai. To, ina tsoronsa, an ce fari ne, an ce tura mutum ake yi a kwance. Amma abin da likita zai faɗa bayan na fito, shi ne. Daga nan uwarka ta kwashe ni ta kai gidanta, a ajiye ni a kujera kamar kayan wanki, kowa ya wuce ya ce sannu Kaka. Ranar da kai ma ka fara yi min ladabi, ranar zan san tawa ta ƙare."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, amma bakinsa ya dawo daidai.

"Ladabi? Ke? Tsohuwar da ta dafa buta ta bar shayi? Wallahi ko sunanki kika manta, kullum da safe zan zo in tuna miki ke ce mummunar unguwar nan."

"Mummunar da ta haifi uwarka."

"Ita da kakana ta yi kama, Allah ya taimake ta. Kuma ki sani, in kika ƙi zuwa yau, zan tsaya a nan in faɗa miki ƙarshen kowane kashi kafin ki kunna."

"Kai da kashi uku ka kalla?"

"Zan ƙirƙira. Mai Jan Gemu ya auri bututun, suka haifi 'yan biyu."

"Allah ya shirye ka." Gefen bakinta ya motsa. "In likita ya ce abin ne fa?"

"In ya ce shi ne, mun san sunansa, mu ji abin da ake yi. In ya ce wani abu ne mai magani, kin yi asarar kuka. Ko wanne ne, ba wanda zai ɗaga ki daga ɗakin nan ba da bakinki ba, sai ya bi ta kaina. Gas ɗin dai yau zan cire shi, in kawo miki buta mai kashe kanta."

"Buta ma ta fi ka hankali ke nan."

"Na yarda. Kuma zan tsaya miki a bakin ƙofar ɗakin hoton har ki fito."

"Kai? Wanda aka yi wa allura yana da gemu ya sume a kan benci? Sai dai in fito in tarar ana yi maka fifita."

"Yunwa ce ranar."

"Ihun da ka yi ma yunwa ce?"

Ta dubi talabijin ta daɗe. Sannan ta ɗaga rimot, ta kashe. Ɗakin ya yi duhu, sai ta ce ya yaye labulen, ko sai an rubuto masa. Ya kawo mata takalmi da mayafi. A kan matakala ta riƙe hannunsa gam, tafinta sanyi ƙalau, tana cewa ta riƙe shi ne don kada ya faɗi ya ja mata abin kunya.

A ƙasa, kafin su fita titi, ta tsaya ta buɗe jaka. Ta daɗe tana fama da wani zobe har ta ciro mabuɗi ɗaya, ta danƙa masa a hannu ta rufe yatsunsa a kai.

"Na ƙofata ne. Uwarka ta yi shekara biyu tana roƙo ban ba ta ba. In ka buga sau uku ban buɗe ba, ka shigo."

Ya sa mabuɗin a aljihu.

"Kuma in na fito daga bututun nan ban gane ka ba," ta ce, "kada ka yi saurin gaya min kai jikana ne. Ka bar ni in yi kwana biyu ina tausayin masu kai."

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Ita ma ta yi, ta gaske wannan karon, tana goge ido da bakin mayafi.

"Yau dai ka yi nasara," ta ce. "Tare mana mota, kafin in tuna ban yarda ba."