Kazar Katako

"Lafiya lau, mijina. Amma me ka ƙunso a hula haka, ka bar sanƙo a rana?"

Tsoho Ziblim ya tsaya a gaban jikarsa Tiyumba, rungume da hular. Da asuba maciji ya kashe kazar da ke kwance a kan ƙwan zabinsa, kuma da ƙwan nan yake sa ran tayar da garkensa bana. Ya zaga ƙauyen kaf, babu wata kaza mai kwanci. Sai dai akwatin ƙyanƙyasa da Tiyumba ta haɗa a ajin kimiyya can sakandaren Tamale, ta zo da shi hutu. Shi kuwa tun ranar yake ce masa akwatin gawa.

"Wucewa nake yi," in ji shi. "Na ce bari in leƙa matar tawa da ta ƙi ɗinki, ta tafi koyon tafasa ruwa a kwalba."

"Wucewa da ƙwai a hula? Kai za ka kwanta a kansu?"

"Ai na fi kazar katakonki ɗumi."

"Kai da kake rawar ɗari a tsakiyar bazara? Miƙo su kafin su huce, tsoho."

"Ina jin sun riga sun mutu." Wannan karon babu wasa a muryarsa.

Ta ja shi ɗaki, ta tura ƙofa, ta kara ƙwai ɗaya a fitilar wayarta. "Matso da ragowar idon nan naka."

Ya matso. Ga jijiyoyi jajaye a cikin ɓawon kamar saiwar gero, ga wani ɗan duhu yana motsi.

"Mayya! Har cikin ƙwai kike gani? Wannan suke koya muku?"

"Wannan ai wasan 'yan aji ɗaya ne."

Ta ware biyu da ba su motsa ba, ta jera sauran a akwatin, ta duba ma'aunin zafi.

"Safe da yamma ake juya su. In na koma makaranta, kai ne kazar."

Ziblim ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "To, na ji. Zabon da ya fara fitowa naki ne, sadakinki ke nan."

"Zabo ɗaya? Marowaci!"

Ya jawo kujera ya zauna dab da akwatin. "Rufe baki ki nuna mini inda ake duba zafin."

"Sannu da kwanci, uwar zabi."