Sabon Ɗakin Mbah Kakung

"...lafiya lau, Mbah. Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan?"

"Ina nan sai na ga aurenka, mai kan kwakwa. Ka ga ba ranar tafiyata ke nan."

Yayana Wisnu ne da kakarmu Mbah Sarmi, a barandar gidanmu da ke garin Klaten. Ya zo sake wa kwamfutar gida babbar manhaja, na ce bai isa ba, don duk hotunan danginmu da na tara suna ciki, har da muryar marigayi Mbah Kakung, mijinta, yana rera waƙa. Ya ce zai fara raba rumbunta biyu, ya kwashe su gefe guda, in ya goge ɗaya gefen ba abin da zai same su.

Mbah ta leƙo allon. "Katanga za ka ja wa mijina?"

"Ɗaki zan yanka masa, ya huta da mitarki."

"Wanne ne nasa?"

"Wannan siririn."

"Akurkin kaji! Mutumin da ko a kan tabarma sai ya baje kamar ɓauna? Wannan ƙaton filin fa?"

"Na manhaja ne... da wasan ƙwallona."

"Auho! 'Yan ƙwallon da ba su san sunanka ba su kwana a falo, kakanka a bayan murhu?"

"Mbah, wurin ba zai ɗauke su duka ba. Sai dai in rage hotunan bikinku. Kwalliyar nan taki ma tsoratar da yara take yi."

Hotunan nan kuwa ba mu da su a ko'ina kuma.

"Taɓa ɗaya ka gani! Ni ma ina da hotonka tsirara cikin bahon wanki, yau ɗin nan zan aika wa yarinyar nan ta kantin magani."

"Ba ki iya aikawa ba."

"Nduk ta iya." Ta nuna ni, don haka take kirana. Na ɗaga wayata.

Wisnu ya goge wasan ƙwallonsa, ya ja katangar har ɗakin ya yi faɗi. Zai fara kwashe hotunan Mbah ta buge masa hannu, ta shige ciki, ta fito da tsintsiya da matashin kai ta ajiye gefen kwamfutar.

"Wa ka taɓa gani ya ƙaura ba waɗannan?"

Ya yi dariya har da hawaye. "Na sallama, Mbah."

Ta tura masa kwanon fate mai ja da fari. "Sha, ɗan dako. Ka kwashe min shi a hankali, yana da ciwon baya."